Daga riƙon alli zuwa riƙon makaranta: jagora ga malaminmu da ke Legas

A Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago akwai makarantu da dama da 'ya'yan Hausawa suka cika, na boko zalla da waɗanda suka haɗa boko da Islamiyya. Amma leƙa ofishin shugaba ka gani. Sau da yawa malamin da ya fi kowa daɗewa, wanda iyaye ke buga wa waya idan yaro bai dawo gida ba, yana can aji da alli a hannu, kujerar kuwa an ɗauko wani daga waje an ɗora a kai. Ka tambaye shi me ya hana shi nema, sai ya yi murmushi ya ce, "Ina ni ina hedimasta? Turancina ma bai kai ba." Ko ya ce, "Ai garin ba namu ba ne."

Shakkar da ke danne irin wannan malami kashi biyu ce, sai dai sun cakuɗe har ya kasa bambance su. Akwai mai hujja: takardar da ba shi da ita, aikin ofis da bai taɓa koya ba. Akwai kuma wadda tsoro ne zalla. Ta farko aiki ne maganinta. Ta biyu ba ta jin lallashi, ko kullum za a gaya maka "ka iya", sai ka tara mata shaidar da za ta rufe mata baki. Duk matakan da ke tafe a kan wannan aka gina su.

Mataki na farko: raba giɓi da tsoro

Ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ke sa ka ji ba ka cancanta ba, kada ka ɓoye komai, tunda ba wanda zai gani. Sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: in na samu lokaci da ɗan kuɗi, wannan zai gyaru? "Ba ni da shaidar koyarwa" zai gyaru. "Ban iya tsara jadawalin darussa ba" zai gyaru. "Ban iya lissafi a kwamfuta ba" zai gyaru. Waɗannan giɓi ne, kowanne ka sa masa watan da za ka cike shi. Amma "za su raina ni", "waɗanda suka yi karatu a nan sun fi ni", "ranar da na hau kujerar asirina zai tonu", babu kwas ɗin da ake yi musu. Ka ware su gefe, za mu dawo kansu.

Wannan ji na cewa asirinka zai tonu ba ciwon ɗan Arewa ba ne shi kaɗai. Tun a 1978 wasu masu nazarin halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka wallafa bincike kan matan da suka yi fice a karatu da aiki, amma a ransu suna ganin sa'a ce kawai ta kai su, kuma wata rana za a gano su. Sai dai mu muna da namu ƙarin. An tarbiyyantar da mu da kunya da kawaici, mutum ya buɗe baki ya ce "a ba ni" abu ne mai nauyi, kuma mun taso muna jin hadisin da ya yi hani ga roƙon shugabanci. Wannan gaskiya ne. Amma a Suratu Yusuf, aya ta 55, Annabi Yusuf da kansa ya nemi a ɗora shi kan taskokin ƙasa, ya kuma faɗi dalili: amana da sanin aiki. Kwaɗayin kujera daban, gabatar da kai ga aikin da ka san za ka iya tsarewa daban. In wannan ne ke ɗaure maka ƙafa, zauna da malamin da ka yarda da iliminsa ku warware shi tun yanzu, don in ba ka warware ba zai riƙa fakewa da addini alhali tsoro ne.

Mataki na biyu: takardu

Nan babu wayo. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya ita ce NCE. Mai digiri a fannin da ba na ilimi ba, ko mai HND, sai ya ƙara da difloma ta koyarwa, wato PGDE. Bayan haka sai rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, wadda aka kafa da dokar 1993. Ana zana jarabawarta a kwamfuta, a ba ka shaida da lasisin da ake sabuntawa, kuma ta kasa malamai rukuni huɗu: D na masu NCE, C na masu digiri, B na masu digiri na biyu, A na masu digiri na uku. Malamai da yawa a makarantun unguwanninmu suna koyarwa shekara da shekaru ba su yi wannan rajista ba, suna cewa ai mai makaranta bai tambaya ba. Bai tambaya ba ne saboda kana aji. Ranar da jami'an duba makarantu suka zo suka ce a kawo fayil ɗin shugaba, nan ne ake tambaya.

Abin da ya sauƙaƙa wa mazaunin Legas shi ne ba sai ka ajiye aiki ba. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, wadda hedikwatarta ke Kaduna tun 1976, don malamin da ke bakin aiki aka yi ta, tana da cibiyoyin karatu a jihohi har da Legas. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, ita ma tana da cibiyoyi a cikin gari. Jami'ar Legas da ke Akoka da Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo duka suna da tsangayar ilimi mai sashen gudanar da harkokin ilimi. A 2022 jihar ta haɗe kwalejojinta biyu, ta Ijanikin da ta Epe, ta mayar da su jami'ar ilimi, LASUED. Ga kuma kwalejin ilimi ta tarayya a Akoka.

Wajen zaɓa, a ganina, kada ka bi suna, bi hanya. Mutumin da ke Alaba Rago ya ce sai Akoka zai yi karatu, alhali Ojo tana bayan gidansa, ya shirya ƙarar da rabin ƙarfinsa cikin gosulo. Karatun ƙarshen mako da ya fi danfo biyu nisa, shi ne wanda ake bari a zango na biyu.

Digiri na biyu kan gudanar da ilimi yana da amfani, musamman ga mai hangen babbar sakandare ko aikin ma'aikata, amma kada ka mai da shi mafaka. Akwai masu tara takarda kan takarda don kawai su jinkirta ranar da za su tsaya gaban mutane. Kai kuma da ka taso ta ɓangaren Arabiyya, kada ka ɗauka ƙofa a rufe take: shaidar hukumar NBAIS, mai shirya jarabawar Larabci da addinin Musulunci, karɓaɓɓiya ce, kuma ana yin NCE da digiri a Larabci da darasin addinin Musulunci.

Mataki na uku: san filin da kake wasa

Hanya biyu ce. Ta gwamnati tana da tsani a fili amma tana da jinkiri. Hukumar LASUBEB ke riƙe da firamare, TESCOM ke ɗaukar malaman sakandare, kuma an kasa jihar gundumomin ilimi shida, kowacce da babban jami'inta. Agege tana gunduma ta ɗaya, Mile 12 tana ta biyu mai ofis a Maryland, Ojo tana ta biyar, Mushin, inda Idi-Araba take, tana ta shida mai ofis a Oshodi. A can hawa yana bin matakin albashi da shekarun aiki da tantancewa. In an buɗe ɗaukan aiki ka nema, kada ka yanke wa kanka hukunci da cewa ba a ɗaukar baƙo. Ka tanadi katin shaidar mazaunin jiha na hukumar LASRRA tun kafin a buƙace shi. Ga kuma makarantun tarayya irin su King's College da Queen's College da ta Ijanikin, da makarantun barikokin soja.

Hanya ta biyu, wadda yawancinmu ke kai, ita ce ta makarantu masu zaman kansu. Ƙidayar da aka yi a shekarar karatu ta 2010 zuwa 2011 ta samu sama da 12,000 daga cikinsu a Legas, ninkin na gwamnati sau da yawa. Ma'ana kujerun shugabanci sun fi yawa a nan, kuma mutum ɗaya ne ke yanke shawara, wato mai makaranta. Hawa na da sauri, faɗuwa ma haka.

Mataki na huɗu: yi aikin kafin a ba ka sunan

Wannan shi ne zuciyar lamarin, kuma nan ne ake kashe tsoron da muka ware gefe.

A kowace makaranta akwai ayyukan da kowa ke gudu. Su za ka nema. Je wurin shugaba ka ce, "Ranka ya daɗe, jadawalin zango mai zuwa a bar mini in gwada." Wanda ya taɓa zama da fensir da magogi yana ƙoƙarin kada malamin lissafi guda ya faɗo a aji biyu lokaci ɗaya, yana kauce wa lokacin Azahar, yana rage ranar Juma'a, yana tuna cewa malamar kimiyya daga Ikorodu take tasowa don haka ba a sa ta darasin farko, to ya fara sanin makaranta ta ciki. Jadawali ke nuna maka wa ke da nauyi, wa ke laɓewa, da inda rigimar gobe za ta ɓullo.

Daga nan sai littattafan ofis. Rajistar ɗaukan ɗalibai, wadda kowane yaro ke da lambarsa a ciki har ya bar makaranta. Rajistar kiran suna ta kullum. Littafin sa hannun malamai na safe. Kundin da shugaba ke rubuta muhimman abubuwan da suka faru. Littafin baƙi. Tsarin aikin zango da shirin darasin kowane malami. Makin gwajin da ake tarawa cikin zango. Littafin shiga da fitar kuɗi. Waɗannan su jami'an Ofishin Tabbatar da Ingancin Ilimi na jihar ke buɗewa idan sun zo, kuma shugaban da ya rikice a gabansu yawanci ba Turanci ne ya kayar da shi ba, rajista ce da aka yi mako uku ba a cike ba. Ka roƙa a bar ka ka zauna a gefe ranar da suka zo, ko da ɗauko fayil ne aikinka. Zama ɗaya zai cire maka rabin kwarjininsu.

In makarantar na da sakandare, nemi aikin jami'in jarabawa: rajistar BECE ta 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, ta WAEC da NECO, tura makin ɗalibai, tabbatar da cewa sunan yaro da ranar haihuwarsa sun dace da takardunsa. Aiki ne mai cin rai, kuma a unguwanninmu ya fi wuya, domin yaro guda sai ka same shi Muhammadu a wata takarda, Mohammed a wata, Mamman a bakin mahaifinsa. Wanda ya kai aji guda jarabawa ba a samu kuskuren suna ba, ya yi abin da za a tuna.

Duk wanda ka yi, rubuta shi. Sayi littafi guda na musamman. Ba "na yi ƙoƙari" za ka rubuta ba, a'a: yara nawa ne ba sa iya karanta jimla a farkon zango, nawa suka rage a ƙarshe, fashi nawa ake yi ranar Litinin, nawa ya koma bayan ka bi gidaje. Wannan littafi amfaninsa biyu. Ranar ganawar neman aiki shi ne bakinka. Daren da zuciya ta ce maka ba ka iya komai ba kuwa, sai ka buɗe shi ka ce ta musa in za ta iya.

Ka kuma samu wanda ya riga ka. Kada ka ce sai Bahaushe. Tsofaffin shugabannin makarantu Yarbawa da suka yi ritaya suna nan da yawa, wasu ma Musulmi ne da kuke sahu ɗaya a masallaci, kuma mutanen nan sun daɗe a harkar: ƙungiyar Ansar-ud-Deen tun 1923 aka kafa ta a Legas don ilimin 'ya'yan Musulmi. Ka gaishe shi yadda suke son gaisuwa, ka rusuna, ka zo da tambaya takamaimai. Dattijo ba ya gajiya da mai tambayar da ta nuna ya yi nasa ƙoƙarin.

Mataki na biyar: maganar harshe

Turancin shugaban makaranta ba na gidan rediyo ba ne. Wasiƙa ga iyaye, rahoton zango, jawabin minti biyar a taron safe, amsa tambayar jami'i. Waɗannan ana koyonsu da maimaici. Rubuta jawabinka, karanta shi da ƙarfi a ɗaki, ɗauki muryarka a waya ka saurara. Wasiƙa kuwa kada ta fita sai wani ya duba, manyan ma haka suke yi. Karin harshenka na Hausa ba aibi ba ne, kowa a Legas da nasa yake magana.

Yarbanci kuma ka koya, ko da na gaisuwa da ban haƙuri ne. Dokar jihar ta 2018 ta wajabta koyar da shi a makarantu, don haka dole ma ka nemi malaminsa.

Sannan ka juya lissafin. Mahaifin da ke sayar da tumatir a Mile 12, wanda ya fito tun kafin Asuba, aka aiko masa takarda da Turanci cewa ɗansa ya yi fashin kwana tara, me zai yi da ita? Ninke ta zai yi ya sa a aljihu. Kai ne za ka same shi a rumfa bayan kasuwa ta lafa, ka tambayi iyali da mutanen gida, sannan ka ce, "Alhaji, yaron nan fa kansa na ja, amma muna rasa shi duk ranar da mota ta sauke kaya." Kai ka san iyalan da ke tafiya gida da Sallah su daɗe ba su dawo ba, ka san yadda za a tuna musu ranar komawa tun kafin su hau mota. Ka san wa ake gani a fadar Sarkin Hausawa in rigima ta fi ƙarfin ofis. Mai makarantar da ɗalibansa 'ya'yan Hausawa ne yana buƙatar wannan fiye da kowane lafazi, sai dai ba zai sa masa farashi ba in kai ba ka sa ba.

Mataki na shida: buɗe baki

Kada ka jira a lura da kai. Nemi ganin mai makaranta a lokacin da hankalinsa ke kwance, ba makon biyan albashi ba. Ka zo da littafinka da takardunka ka ce, "Alhaji, ga abin da na yi a shekarun nan. In kujerar mataimaki ta samu, ina so a duba ni. In kuma akwai abin da ya rage mini, a faɗa mini in cike." Ko ya ce a'a, ka fita da jerin abin yi, shi kuma ya san kana nan.

In ya ce to, kada murna ta sa ka tashi ba ku yi maganar ƙa'ida ba. A rubuta maka takardar naɗi mai ɗauke da albashi da iyakar ikonka. Wa ke ɗaukar malami, wa ke sallama? Wa ke karɓar kuɗin makaranta? Wa ke da ikon mayar da yaro gida kan bashi? Shugabanni da yawa sun wayi gari suna ɗauke da laifin komai ba su da iko da komai. Shawarata, kuɗi kada ya bi ta hannunka, a biya ta banki ko wurin akawu, kai dai ka ga lissafi.

Malama, ke taki shakkar tana zuwa da ƙarin kaya: ko maza za su bi umarninki, ko maigida zai yarda da dawowar yamma, ko za a ce kin cika zaƙewa. Maganar gida ki gama ta a gida kafin ki karɓa, da lokutan aiki a fili, kada ta riƙa biyo ki ofis. Sauran kuwa, dubi makarantun Legas ki ƙirga matan da ke shugabanci, za ki ga ba baƙon abu kike shirin yi ba. Iyaye mata da ba za su taɓa buɗe wa namiji cikinsu kan matsalar 'yarsu ba, ke za su gaya wa.

Mataki na bakwai: zangon farko a kujera

Kada ka sauya komai a makonnin farko sai abin da ke da haɗari ga yara. Zaga, saurara, zauna da kowane malami shi kaɗai. Wanda ya girme ka, ko wanda ya so kujerar bai samu ba, je ka same shi da kanka kafin taron malamai na farko: "Malam, kai ne babba a nan, ba zan iya ba sai da kai." Ka ba shi wani aiki na gaske ya riƙe. In ka bar shi hannu sake, ɗakin malamai zai zama majalisarsa.

Shiga aji duba darasi shi ne inda sababbin shugabanni ke jin kunya, musamman ajin abokin da jiya kuke cin abinci kwano ɗaya. Sanar da shi tukuna. Zauna a baya, kada ka katse shi gaban yara. Dubi yaran fiye da malamin: su wa ke ɗaga hannu, su wa suka ɓace a layin baya, me ke cikin littattafansu. Bayan an tashi ka faɗa masa abu biyu da suka yi kyau da guda ɗaya tak da zai gyara, ka sa ranar da za ka dawo. Gyara goma a zama ɗaya ba ya gyara ko ɗaya.

Ka san dokokin da ke kanka. Legas na da dokar kare haƙƙin yara tun 2007, kuma gwamnati ta hana duka a makarantu. Malamin da ya taso da bulala zai ce maka yaro ba ya ji sai da ita, uba ma zai iya cewa "na ba ku, ku dake shi", amma ranar da abu ya ɓaci sunanka ne a takarda. Ka tsara wasu hanyoyin horo, ka rubuta su, kowa ya sa hannu. Ƙorafin cin zarafin yaro kuwa ba a sasanta shi a ofis don gudun abin kunya, ana kai shi ga hukuma. Ka kuma riƙa bin kalandar karatu ta bai ɗaya da jihar ke fitarwa, sannan ka gina hutun Sallah da sassaucin azumi a cikinta.

Shakkar za ta dawo, yawanci ranar da uba ya ɗaga maka murya a bakin ƙofa ko sakamako ya fito ba daɗi. Ka yi mata tambayar farko: giɓi ne ko tsoro? In ka kasa karanta lissafin zango ne, giɓi ne, zauna da akawu ranar Asabar ya nuna maka. In kuwa don wani ya yi maka kallon banza ne, buɗe littafinka. Ka shiga ƙungiyar shugabanni ko ta masu makarantu da ke yankinka, irin su NAPPS, domin a can za ka ji wanda ya shekara ashirin a kujera yana kukan abin da kai ka ɗauka gazawarka ce kai kaɗai.

Wani lokaci kuma matsalar ba kai ba ce, wurin ne. In albashin malamai na yin wata biyu uku ba a biya ba kuma kai ake turawa ka ba su haƙuri, in ana matsa maka ka ƙara wa yaro maki saboda mahaifinsa, ko a ce ka kau da kai ranar jarabawa, fara neman wani wuri tun sunanka bai ɓaci ba. Ka ba da sanarwa yadda takardar naɗinka ta tanada, ka miƙa rajista da makullai a rubuce gaban shaida, ka karɓi takardar shaidar aiki kafin ka fita.